Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarkin Ƙofar Kwamfutata

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Ƙofa,
Mai riƙe da allon shiga na Linux,
Mai karɓar kalmar sirri ya mayar da mai gida waje.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai sarauta, ina fatan ka tashi lafiya. Ko da yake tambayar ta al'ada ce kawai, domin da kai na fara yin ido biyu yau bayan sallar asuba, kuma na ga lafiyarka ƙalau. Hoton bangonka na nan da kyansa, agogonka na tafiya daidai, sunana na tsakiyar allo, ga ɗan akwatin da ke jiran kalmar sirri. Na rubuta, ka karɓa. Allo ya yi baƙi na ƙiftawar ido, kibiyar linzami ta leƙo ta ɓace, sai ga ka ka dawo da hoton bangonka da agogonka da akwatinka, kana kallona kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Na sake, ka sake. Tambayoyin jarrabawar 'yan aji uku na ciki, ana jirana da su a makaranta kafin a buga ƙararrawa.

Da abin ya ishe ni sai na gwada ka, Allah ya ja zamaninka. Na rubuta kalmar banza da gangan, irin wadda ɓarawo zai rubuta. Nan take bakinka ya buɗe. Ka yi bayani da kyakkyawan lafazi cewa kalmar ba daidai ba ce, a sake gwadawa. Ashe kana magana! Ashe wanda ya zo da ƙarya ne ya cancanci amsa a fadarka, mai gaskiya kuwa sai a rufe masa ƙofa a fuska a koma a zauna. Wannan shi ne ƙorafina, kuma a kansa zan tsaya, sauran laifuffukanka su jira.

Ka san yadda na shiga? Ta ƙofar baya. Na danne Ctrl da Alt da F3, baƙin allo ya fito, wanda ba shi da hoton bango ba shi da agogo, sai rubutu tsagwaronsa. Na ba shi sunan nan dai da kalmar nan dai, ya buɗe mini ba gardama. Na rubuta ls -la don in ga abin da ke cikin foldar gidana har da fayilolin da ke ɓoye, waɗanda sunansu ke farawa da ɗigo. Layi bayan layi sunana ne, sunana ne, sunana ne, sai layi ɗaya tal: .Xauthority, mallakar root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar. Izininsa 600, wato mai shi ya karanta, lamba 4 ke nan, ya rubuta, lamba 2 ke nan, sauran jama'a kuma sifili da sifili. A kan wannan fayil ɗin ni ina cikin sauran jama'a, a cikin foldar da ke ɗauke da sunana, a kwamfutar da na biya kuɗinta sannu a hankali daga albashi.

Bari in faɗa wa masu leƙen wannan wasiƙa ko mene ne fayil ɗin, tunda kai ba ka iya bayani ba. Dattijon da ke zana tagogi da hotuna a allo sunansa X. An haife shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma zubinsa na 11, wanda aka fitar a 1987, shi ake amfani da shi har yau. Dattijon ba ya sauraren kowace manhaja sai ta nuna masa shaida, wata lamba da ake ƙirƙira ba tsari, tsawonta bit 128, ana kiranta MIT-MAGIC-COOKIE-1. A cikin .Xauthority ake ajiye ta. Duk lokacin da na shiga, aikinka ne ka rubuta sabuwar shaida a wurin. Yau ka je rubutawa, aka ce maka fayil ɗin ba na wannan bawan Allah ba ne, aka miƙo maka kuskure mai lamba 13, wanda ma'anarsa ba a ba da izini ba. Ka karɓa ka sa a aljihu ka dawo ƙofa ka tsaya.

Yadda root ya zo ya mallaki abina kuwa, labarin jiya da dare ne. An ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da riga mu gidan gaskiya. Da aka kawo, ƙanina ya kunna, ya tarar da baƙin allo. Ya shiga da sunansa, ya sauya zuwa nawa da umarnin su, ya rubuta startx don tayar da dattijo X, aka ce masa ba shi da izinin buɗe allon, domin tsarin na kallon wanda ya fara shiga ne a matsayin mai kujerar. Yaro ya yi abin da kowane mai hankali zai yi idan an ce masa ba izini: ya ɗora sudo a gaba. Tagogi suka buɗe, ya yi aikinsa, ya kashe, ya kwanta yana jin ya yi gwaninta. Bai sani ba, a irin saitin da ke kan kwamfutata sudo na ba mutum ikon root amma ya bar shi da adireshin gidan da yake tsaye. Manhajar xauth da ke rubuta shaidar kuma ba gyara tsohon fayil take yi ba, sabo take rubutawa ta ɗora shi a gurbin tsohon. Root ne ya rubuta, saboda haka na root ne. Ba zan ɗaga wa yaron murya ba. Shi aƙalla da aka hana shi an gaya masa dalili, ko da a dunƙule.

Kada ka ce ban san amfaninka ba. Na sani. A gidan dattijo X, duk manhajar da ta samu shiga tana iya karanta abin da ake bugawa a madannai, ta ɗauki hoton allo, ta ga kalmar sirrin banki tana wucewa. Dole a tsare shaidar. Na kuma san kai da ikon root kake tashi, amma in za ka rubuta a foldata sai ka sauko zuwa matsayina, don kada wani mai wayo ya ɗana maka tarko ka rubuta a inda bai kamata ba. Madalla. Shi kansa X shekara da shekaru da ikon root yake aiki, sai a zubi na 1.16 a 2014 aka buɗe masa hanyar aiki a matsayin talaka, systemd-logind na miƙa masa allo da madannai. Duk wannan hikima ce, ban musa ba. Ka hana ni shiga in hanawar ce daidai.

Amma kai Malam, bakinka ciwo yake?

Ka san dalilin! Ba zato kake yi ba, ba bincike za ka yi ba. Sunan fayil ɗin na hannunka, lambar kuskuren na hannunka, sunana na gabanka, ga fili fetal a ƙarƙashin akwatin, inda kake rubuta wa ɓarayi jawabi. Jimla ɗaya ta ishe ni. Ka zaɓi ka je ka rubuta ta a kundinka da ke ƙarƙashin /var/log, wanda root ne kaɗai ke iya buɗewa. Wato wanda ya ƙwace mini fayil shi ka kai wa rahoton ƙwacen. Akwai kuma .xsession-errors, kundin koke-koke, wanda aka ajiye a cikin gidan da aka hana ni shiga, aka kuma sa masa ɗigo a gaba don kada in gan shi. Wa ya zauna ya tsara wannan? An ce shiru ma magana ce, to naka shirun na saurare shi da kunne biyu tun asuba, babu abin da yake cewa.

Kafin in gano fayil ɗin har kundin dattijo X na buɗe, Xorg.0.log. Shi ma sai ka yi dace: in da ikon root ya tashi yana /var/log, in a matsayin talaka ya tashi yana can cikin .local/share/xorg, wani ɗigon kuma. An ce layin kuskure na ɗauke da alamar EE. Na nemi EE. Layin farko da ya fito shi ne wanda ke bayanin cewa EE na nufin kuskure. Na gode. Na biyun kuma sunan wani ɓangare ne da ake kira MIT-SCREEN-SAVER, don kawai akwai E biyu a jere a cikinsa. Shayina ya huce a wannan binciken.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan ƙiftawar taka guda ɗaya ita ce amsarka ga kowace cuta. Faifai ya cika babu wurin rubuta ko harafi ɗaya, ƙiftawa. Wani ya taɓa izinin /tmp ya sauke shi daga 1777, wanda ke barin kowa ya ajiye kayansa ba tare da wani ya goge na wani ba, ƙiftawa. An dawo da fayiloli daga filash da sudo duk folda ta koma ta root, ƙiftawa. Ɗan'uwan fayil ɗina, .ICEauthority, ya faɗa hannun root, ƙiftawa. Kuskuren harafi a .profile, direban katin hoto ya saɓa da sabon kernel, duk ƙiftawa. Kowanne maganinsa daban, kuma kai ne kaɗai kake tsaye a wurin lokacin da abin ya faru.

Ka san abin da shirunka ke haifarwa? Mutum ya rikice ya ɗauki waya, ya faɗa hannun masu ba da magani a kasuwar intanet. Na farko ya ce a zuba chmod 777 a kan komai, kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya zartar. Wanda ya bi wannan shawara a kan foldarsa ya wayi gari ssh, mai shigar da mutum kwamfuta daga nesa, ya ƙi karɓar makullansa don sun zama na kowa. Wanda ya bi ta a kan tsarin gaba ɗaya kuwa sudo ma ya daina aiki, sai dai a yi masa jaje. Na biyu ya ce a buɗe Xwrapper.config a mayar da allowed_users daga console zuwa anybody, alhali ba nan ke ciwo ba. Na uku, wanda ya fi kowa yawan mabiya, ya ce a goge komai a sake ɗora Linux. Mutane nawa suka rasa hotunan bikinsu da rubuce-rubucen digirinsu saboda fayil ɗin da bai kai kilobait ɗaya ba? Kai da aka naɗa don tsaro, kai ne kake tura jama'a su karya makullan gidansu da hannunsu. Sannan gobe a zauna a ce Linux wuya gare shi, sai ƙwararru. Ina wuyar take? Na rubuta sudo chown, umarnin sauya mai fayil, sai sunana da sunan fayil ɗin, na danna. Layi ɗaya. Da goge shi na yi ma da ka ƙirƙiri sabo da kanka. Na koma wurinka, na ba ka kalmar da ka yi ta mayar mini tun asuba, ka buɗe ba kunya ba neman afuwa.

Kuma abin dariyar, root ɗin nan da kuke ta rusuna masa, mai lamba 0, wane ne shi? Ni ne. Kalmar sirrina ce ke tashe shi. Ni na ƙwace wa kaina fayil ta hannun ƙanina, ni na kai ƙarar kaina wurin kaina, ni na yanke hukunci na mayar wa kaina. Tun zamanin su Ken Thompson da Dennis Ritchie a Bell Labs, lokacin da mutane da yawa ke raba na'ura guda, aka gina wannan tsari na mai abu da ƙungiyarsa da sauran jama'a, kuma ya yi aiki fiye da shekara 50. Ban nemi a rushe shi don ni da ƙanina ba.

Ka leƙa wurin takwaranka GDM. Shi ya kwashe shaidar daga foldar gida ya mayar da ita /run/user, wurin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, ana kashe kwamfuta ya share. Ko ka ji ana cewa Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, zai gaji dattijo X. Kada ka yi murna da wuri, shi ma in bai tarar da foldarsa ta /run/user a hannun mai ita ba, ba ya tashi, kuma na tabbata ranar da hakan ta faru da ƙiftawar nan za ka tarbe ni.

Sauran laifuffukanka a gurguje. Kana sauya mini tsarin madannai ba sanarwa, in danna wannan harafi wancan ya fito, ɗigo-ɗigon akwatinka kuma ba sa nuna komai. Kana kashe Num Lock duk safiya. In na haɗa majigi a aji sai ka kai akwatin kalmar sirrina bango, gaban ɗalibai.

Buƙatata ba ta da tsada, Allah ya taimake ka. Ban ce ka gyara da kanka ba, ban ce ka sassauta tsaro ba. Ga jimlar ma na rubuta maka kyauta, ka kwafa: "Kalmar sirrinka daidai ce, amma na kasa rubutu a .Xauthority domin mallakar root ne." In ta yi maka tsawo ka yanke rabin farko, zan gane. In Hausa ce ba ka iya ba, rubuta da Turancin, akwai ƙamus a gidan. In kuwa wannan ma ya fi ƙarfin sarautarka, to ka sani jiya ƙanina ya nuna mini umarnin systemctl disable, mai hana manhaja tashi, kuma na tambaye shi yadda ake rubuta sunanka a bayansa.

Naka, ba don ina so ba,
Mai lamba 1000.