Daga Gidan Murtala Zuwa Kabuga a Kan Keke

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya a 2018, ƙungiyarmu ta 'yan keke ta samu ranar sallarta. Da sassafe muke haɗuwa a Gidan Murtala, mu bi titin BUK ta gefen ganuwa har Kabuga. Tafiyar ba wani nisa gare ta ba, amma ta isa a san halin kowa.

Wanda ido ke fara faɗa wa shi ne Mai Kayan Aiki. Kekensa da yatsa biyu za ka ɗaga shi, kuɗinsa kuwa ya sayi babur har a ba da canji. Ga hular kwano, ga tabarau, ga wandon nan mai manne wa jiki, wanda kunyar surukai ke sa ya ɗora jallabiya a kai har sai ya bar unguwa. Kafin Ƙofar Na'isa ya fara haki. A Gadon Ƙaya zai sauka ya durƙusa yana taɓa kaca, wai giya ce ke masa wasa.

Kusa da shi akwai Malamin Tour de France. Ya san makonni uku ake yi ana gasar, ya san rawayar riga ta wanda ke kan gaba ce. "Ku shigo bayana, ni zan tare muku iska!" Gaskiyarsa, wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wahala. Sai dai a irin gudunmu, ko mai tura kurar ruwa ba ya jin ana tare masa komai.

Mai Hoto hannu ɗaya yake tuƙi. Kafin mu kai Ƙofar Famfo 'yan Facebook sun gama yi masa sannu da ƙoƙari.

Wanda nake ganin girmansa shi ne Makanike. Jakarsa cike da famfo, sifana, gam da guntun tsohon tib na faci. Bai taɓa isa Kabuga tare da jama'a ba, domin duk tayar da ta sace tasa ce. Ana raba ruwan leda yana can baya, hannu baƙi ƙirin, ba wanda ya tuna da shi sai birki ya ƙi kamawa. Akwai kuma wani da kullum ke riga kowa isowa ba ko ɗigon gumi. An ce an taɓa hango taya ta leƙo daga cikin A Daidaita Sahu, amma ni ba da bakina ba.

Ni ne na ƙarshe, motar 'yan Rod Sefti na bina a hankali kamar mai rakiyar amarya. A nan ne bara wani dattijo ya cim mini a kan tsohuwar Raleigh, ƙafar wando ɗaure da roba, buhun alayyafo a kariya. Ba ɗan ƙungiya ba ne, kasuwa za shi. Ya kaɗa ƙararrawa, ya dube ni.

"Sannu yaro. Lafiya dai? Wa ya rasu?"

Na ce masa motsa jiki muke yi, Baba. Ya ce Allah ya ba da lada, ya taka feda sau uku, ya wuce ni, ya wuce Malamin Tour de France, ya sha kwana.