Aljanun A-kori-kurata

Tsohuwar a-kori-kurata lafiya lau take tafiya har sai allura ta taɓa 80. Daga nan sai makyarkyata. Ba sitiyari ke rawa ba, kujera ce da daɓen motar, har madubi ya riƙa nuna mini tirela uku alhali ɗaya ce a bayana.

Ranar da na ɗauki surukata zuwa Zariya, muna wuce Kwanar Ɗangora abin ya tashi. Tana jan carbi, murya na karkarwa, ta ce, "Malam, motar nan da mutanen ɓoye a ciki." Na ce, "Inna, taya ce." Ai kuwa na sauya tayu huɗu, aka yi musu balansin, aljihu ya rame, rawa kuma sai abin da ya yi gaba. Inna ta aiko da turaren hayaƙi. Na turara, don zaman lafiyar gida.

Wani dattijon bakanike a Ƙofar Ruwa ne ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Ya girgiza kuros, wato gaɓar farfela, babu lakwa-lakwa. Ya shafa farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayun baya, sai ya yi dariya. Ashe ɗan ƙarfen da kamfani ke liƙa mata don daidaita nauyi ya ɓace. Wani mai walda ya taɓa kankare shi, wai yana yi mini kwalliya.

"Baba, wannan ɗan abin?"

"Alhaji, kafin taya ta juya sau ɗaya, sandar nan ta juya kusan sau huɗu. A gudun 80 tana haura juyi 2,000 a minti. Ko kwabo ka manna mata a gefe guda sai ka ji a haƙoranka."

Aka ɗage bayan motar, aka tokare. Aka aiki yaro Islamiyyar maƙwabta ya roƙo alli. Ni aka sa a kujera, wai in sa giya in taka totur, tayu na wulwulawa a iska. Gabana kuwa teburin mai shayi ne, da mutum shida da tukunyar ruwan zafi. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da mai shayin ya lura da inda hancin motar ya dosa, sai ya kwashe ƙwansa tukuna, kafin ya gargaɗi masu shan shayin.

Baba ya matso da alli a hankali har ya ɗan taɓa sandar. Inda ya yi zane, nan nauyi ya rinjaya. Ya ɗaura kilif biyu irin na tiyo, kawunan sukurorin suna ɗaya gefen, ya yi ta ware su kaɗan-kaɗan muna gwadawa, har kofin ruwan da ya ɗora a bonet ya daina fantsama.

Inna har gobe ta ce turarenta ne, ni kuma ban isa in musa ba. Kai dai in motarka ta fara rawa a kujera ba a sitiyari ba, a leƙa farfela kafin ka sayi taya.