Alhaji, Sauke Murya, Tayar Jirgi Ba Ta Jin Tsawa

Duk ranar da labari ya fito cewa wata ƙasa ta tsare jirgin Najeriya tana dube-dube, ko ta hana shi wurin sauka, masu karatun nan nawa sukan rabu gida biyu, kuma kowane gida ya gama yanke hukunci tun kafin ya kai ƙarshen kanun labarin. Akwai su Alhaji na Kantin Kwari, waɗanda fasfo ɗinsu ya cika da hatimin Jidda da Dubai. Su maganarsu ɗaya ce: "Hassada ce! Ba sa son ganinmu a sama." Akwai kuma 'yan majalisar mai shayi, masu cewa: "Su tsare mana! Jiragenmu ai akwala ne, wa ya aike su Landan?" Da yawa cikin masu wannan fatawa ba su taɓa ganin cikin jirgi ba sai a fim ɗin Indiya, amma in suna bayanin inji sai ka rantse a Zariya suka yi karatu.

Na ambaci Zariya, na kuwa san Zagezagi sun gyara zama. Mun ji, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a garinku take tun 1964. Amma tun cikin 1925 jirgi ya sauka a Kano, saboda haka ku yi shiru manya na magana.

Alhaji, ranka ya daɗe, da kai zan fara tunda kai ne mai babbar murya. Abin nan da kake dunƙulewa kana kira hassada, abu biyu ne, kuma ka san su tun daga tashar mota. Akwai rigimar layi, wa zai yi lodi da safe, wa zai jira sai bayan la'asar. Akwai kuma jami'in VIO da zai tsuguna ya duba birki da taya. Rigimar layi da baki ake cin ta, da sanin manya, da iya zare ido. Shi kuwa birki in ya mutu, ko shugaban ƙungiyar direbobi surukinka ne, a mace yake.

A maganar layi kana da gaskiya, kuma ba ƙarama ba. Yarjejeniyar sufurin jirage tsakanin Najeriya da Birtaniya ta ba kowane ɓangare zuwa 21 a mako. Su sun daɗe suna cinye nasu tas: British Airways kullum a Legas, kullum a Abuja, Virgin Atlantic kullum a Legas, duka daga Heathrow, kuma a manyan filayenmu suke sauka. Mu kuwa in namu ya nemi Heathrow sai a ce babu gurbi. Filin titin sauka biyu kacal gare shi, an kuma ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, har gurbin sauka ya zama haja. A 2016 an ruwaito kamfanin Oman Air ya biya dala miliyan 75 don gurbin sauka da tashi guda a kullum, na sassafe. In gwamnatinmu ta yi ƙorafi, amsar Landan ba ta canzawa: yarjejeniya ta ba ku izinin zuwa, amma rabon gurbi ba aikin gwamnati ba ne, wani kamfani mai zaman kansa ke yi, ku je ku bi layi ko ku saya. Wayo ne mai tsafta, ba a zage ka ba, ba a kuma ba ka ba.

Haka aka yi da kamfaninmu Arik a 2011, ta dakatar da zuwa Landan daga Abuja saboda gurbi, Stella Oduah tana minista ta ce to za a rage wa British Airways zuwa Legas daga bakwai a mako ya koma uku, nan da nan aka nemi sulhu. Da Air Peace ta fara zuwa Landan a ƙarshen Maris 2024, Gatwick aka tura ta. A watan Agusta ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya rubuta wa takwararsa ta Birtaniya cewa in haka ne, su ma nasu jiragen za su iya rasa Legas da Abuja. A ƙarshen Oktoban 2025 sai ga Air Peace ta sauka Heathrow daga Abuja. Ka gani, Alhaji, a nan zare ido ya yi rana, domin muna da abin da suke so: fasinja mai biyan kuɗi, irinka.

Hajiya 'yar Dubai, ranki ya daɗe, na ga kina murmushi, to ke ma zo nan. Kin tuna Disambar 2021? Air Peace ta nemi gurbi uku a mako a Sharjah aka ba ta ɗaya. Ministan lokacin Hadi Sirika, Bakatsine bai iya ɗaukar raini ba, aka zaftare wa Emirates zuwa 21 a mako aka bar mata ɗaya tilo zuwa Abuja. An yi tafi, an ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma Larabawan sun sauko sun ba da gurbi a Dubai kanta. Sai dai daga baya wata sabuwa ta ɓullo, ta kuɗin tikiti da kamfanin Emirates ya kasa fitarwa daga ƙasar nan saboda ƙarancin dala, wajen miliyan 85 a tsakiyar 2022. Ya kwashe jiragensa a ƙarshen wannan shekarar, ga matsalar biza a kai, bai dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024. A tsakanin nan ministoci ba su rasa barci ba. Ke ce kika dinga kwana a kan benci a Addis Ababa da Alƙahira kina gadin jakunkunan abaya, sannan kika dawo kika ɗora kuɗin wahalar a kan kowace riga. Kai ɗan majalisar mai shayi da ka ce ina ruwanka da jirgi, je ka tambayi uwargida nawa ta sayi mayafin sallah a shekarun nan.

Yanzu kuma sai mu tsuguna a gindin taya, inda muryar Alhaji ba ta da amfani. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO mai mazauni a Montreal, ta ba kowace ƙasa ikon bincikar duk jirgin da ya sauka a ƙasarta. Yadda ake yi kuwa babu sanarwa. Jirgi ya tsaya, fasinjoji sun fita, masu shara na shiga, sai ga mutum biyu cikin riga mai ƙyalli, ɗaya da tocila, ɗaya da takardar cikewa. Wannan ya zagaya ƙasa yana haska tayoyi ya ga ko zanensu ya cinye, yana leƙen ƙarƙashin inji ko mai na ɗiga, yana duba ko an ɗaure kaya daidai a rumbun jirgin. Wancan ya hau ɗakin matuƙi ya ce a ba shi lasisi da takardar likita da littafin da ake rubuta lalurorin jirgi. Daga nan ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya jawo rigar ceto, ya juya tukunyar kashe gobara ya karanta ranar da wa'adinta zai ƙare. Abin da suka gani hawa uku ne: ƙarami a yi wa matuƙi nuni, matsakaici a rubuta wa hukumar ƙasarku, babba kuwa jirgi ba ya tashi sai an gyara. Jirgin Jamus ma haka ake yi masa a Faransa, kuma hukumarmu ta NCAA tana da wannan iko a kan kowane baƙon jirgi a Legas ko Kano.

Kwanaki kaɗan da fara zuwan Air Peace Gatwick aka yi mata irin wannan dubawa, hukumar Birtaniya ta rubuto wa tamu tana tambaya a kan kwamfutar hannu da matuƙa ke duba taswira da ita: ina izininta, ina maƙalinta, ina abin cajinta. Gari ya ɗauka, su Alhaji suka ce ga shi nan an fara. Kamfanin ya ce ya ba da amsa an rufe maganar, jirgi ya ci gaba da zuwa. Ko da mugun nufi aka zo dubawar, takarda ce ta kashe maganar, ba taron manema labarai ba.

Kada ka ce na ce babu siyasa a ciki. Akwai, har da ta sayarwa. A 1997 Birtaniya ta hana jiragen Najeriya shiga ƙasarta bisa dalilin rashin ingancin kulawa, a daidai lokacin da ake zaman doya da manja da gwamnatin Abacha bayan rataye Ken Saro-Wiwa da dakatar da mu daga ƙungiyar Commonwealth. Abacha ya ce shi ma British Airways kada ya ƙara ganin ta, aka yi ta zagaye ta Accra da Amsterdam har sai da ya rasu a 1998 aka buɗe hanya. Lokacin da aka zaɓa ya yi kama da na huce haushi. To amma wane ne zai dafa Alƙur'ani ya ce Nigeria Airways ta wancan zamani lafiyarta ƙalau, kamfanin da bashi ya ci har masu binsa ke kama masa jirgi a ƙasashen waje, wanda a 2003 ya rufe baki ɗaya? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ta Amurka ta fi ciwo. A 1993 ta dakatar da zirga-zirga kai tsaye zuwa Legas, kuma shekara da shekaru akwai allo a filayen jirginta da ke gargaɗin matafiya cewa filin Murtala Muhammed ba shi da isasshen tsaro. Mun ji haushi, mun ce don an soke zaɓen 12 ga Yuni ne. Amma a shekarun nan ne ɓarayi ke tare jirgi a kan titinsa cikin dare su buɗe rumbun kaya su kwashe akwatuna. Ba a janye takunkumin ba sai Disambar 1999, bayan an tsaurara tsaron filin da gaske.

'Yan majalisar mai shayi kuma kada ku yi saurin tafi, don akwai inda bakinku ya mutu. Bayan yunƙurin da wani yaro ɗan Najeriya ya yi na tayar da bam a jirgin Detroit ranar Kirsimetin 2009, Amurka ta saka Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa mutanensu bincike na musamman. Alhali yaron ya wuce ta Amsterdam ba a gano komai ba, bizarsa ofishin jakadancin Amurka a Landan ne ya ba shi, mahaifinsa kuma ya je da ƙafarsa ofishinsu na Abuja ya yi gargaɗi tun kafin abin ya faru. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta ce ba adalci ba ne a hukunta mutum miliyan 150 saboda mutum ɗaya, kuma cikin Afrilun 2010 aka soke jerin. A watan Agustan wannan shekarar dai Amurkan ta ba hukumarmu matsayi na ɗaya a ingancin kula da jirage, wato akwalar da kuke faɗa ta ci jarrabawar da ƙasashe da dama suka faɗi.

Matsayin nan fa yanzu babu shi, Alhaji, an cire sunanmu tun 2022, kuma na san bakinka ya buɗe zai ce hassada. Rufe shi tukuna. Ba a kama mu da laifin komai ba. Ƙa'idarsu ce in ƙasa ta shekara biyu babu jirginta ko ɗaya da ke zuwa Amurka, sai a cire ta daga rajista, mu kuwa tun da Arik ta daina zuwa New York a 2017 ba mu ƙara aika ko ɗaya ba. In kana da rarar kuɗin shadda, ga Zagezagi can da matuƙa suna jiran aiki.