'Yan Cikin Kwalekwale a Ruwan Bakolori

Tun da Turawan Italiya suka tare Gulbin Sakkwato, aka gama madatsar Bakolori a 1978, mutanen ƙasar Maradun suka wayi gari da tabki a ƙofar gida. Magudanan da ke shayar da shinkafar Bakura da Talatar Mafara ba su ɗaukar jirgi. Mai son ganin ƙauyuka ta ruwa, sai kwalekwale. Ni dai in na shiga, 'yan cikin jirgin nake kallo.

Akwai Jarumin Tudu. A bakin gaɓa shi ne mai ba da labarin yadda ya ƙetare gulbi da iyo yana yaro. Da jirgi ya ɗan karkata, sai ka ji ya damƙe gwiwarka kamar kai ka haife shi, bakinsa na kawo addu'o'i har da ta shiga kasuwa.

Kusa da shi Ɗan Birni, da farar shadda da waya. Shi kaɗai ke miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, jirgi ya yi tangal-tangal, matuƙi ya daka tsawa: "Malam, zamna ƙasa!" Ya zauna a kan kajin wata baiwar Allah.

Amma wanda ya fi cin raina shi ne Mai Kaya, musamman ranar Talata da kasuwar Mafara ke ci. Buhun shinkafa biyu, akuya, babur a kwance, sannan ya miƙa kuɗin mutum ɗaya. Hujjarsa: akuya ba fasinja ba ce. Akuyar kuwa ta ci wurin mutum biyu, ta kuma ci rabin rawanin wani dattijo. Cinikin ba ya tashi sai an kai tsakiyar ruwa, inda ba a iya sauke kowa. Wannan ba wauta ba ce, lissafi ne.

Injiniya kuma ya rantse da hannunsa aka zuba simintin madatsar. Ka dubi fuskarsa, ko arba'in bai kai ba.

Mai Barci ba ruwansa. An tashe shi an ce ya karɓi ƙwarya ya kwashe ruwan da ke shigowa, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Me ya faru?" Wani ya ce, "Garin Faru yana nan inda ka bar shi."

Sai Iya, a can ƙarshen jirgi, da ƙullin goro a bakin zane. Ba ta tsoro, ba ta ciniki. Da muka kai wani wuri da ba kome sai ruwa, ta taɓa matuƙi.

"Yaro, sassauta. Gonar babana muke takawa."

Ya ɗaga filafili. Har akuya ta yi shiru.