Ka ce ba so ba ne?

Na ga ka taɓe baki tun ban fara ba. An ce maka kakannina sun shekara hamsin da ɗoriya tare a Nguru, sai ka ce, "Haƙuri ne kawai, ina mutanen dā suka san so?" Sannu gwani! Kai da ka san so, ga waya ga data, auren abokinka da muka sha biki bara, ya ga babbar salla kuwa?

Ka ce Kaka ba ta da wurin zuwa ne? Haba malam! Garin da layin dogo ya zo ya tuƙe tun 1930, jirgi na kwasar gyaɗa da ƙirgi da ƙaro zuwa Kano, a nan mace za ta rasa hanyar gudu? Ai ta ma taɓa tafiya. Yaji ta yi zuwa gidan iyayenta a Gashuwa, kan laifin da har ta koma ga Allah ba ta faɗa mana ba. Mijinta Malam ya tafi biko da ƙunshin busasshen kifi. Kifi fa, ga mutanen da ke kwana a bakin kogin Yobe! Surukai suka yi ta ƙunshe dariya. Ita kuwa ta ɗaura gyale, ta ce mai wayo irin wannan ba a barin sa shi kaɗai.

Ka ce ai ko sunansa ba ta iya faɗa? Nan ka yi gaskiya, amma ba ta fisshe ka ba. Yaron maƙwabta ma da ya ci sunan, "mai sunan Malam" take kiran sa. To kai a gidanku, tsumma ake ɓoyewa a ƙasan adaka ko zinariya?

Zauna in ba ka labarin 1973, shekarar da naira ta shigo, ko da yake Kaka da sule ta ci gaba da lissafi har ƙarshen rayuwarta. Fari ya ƙone gero a tsaye, shanu na zubewa a hanya. Shekara na zagayowa aka gama madatsar Tiga, ambaliyar da fadama ke jira ta ja baya. Malam ya hau jirgi zuwa Kano ci-rani, yana dako. Ita ta zauna da 'ya'ya tana saƙar tabarmar kaba. Da abin ya ci tura, sai ta shiga sauke kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya tana auno hatsi. Ka san jere a wurin mace? Shi ne bankinta, shi ne adonta. Malam ya dawo, ya dubi inda jeren yake, bai ce uffan ba. Amma daga nan, duk kaka sai Kaka ta ga sabon kwano. Jere ya kusa cika, farin 1984 ya zo ya lashe. Tsohon nan ya sake farawa daga kwano ɗaya.

Har yanzu kana cewa haƙuri ne? To wane haƙuri ne ke zuwa kasuwa ya zaɓo mai fure?

Kada ka ce son kai nake, don ni kishi ma nake yi. Jika ne ni, "angona" take ce mini, Malam kuma kullum yana barazanar kai ni gaban alƙali kan na ƙwace masa mata. Amma a zo rabon miya: tsokar kifi akushin Malam, ango kuwa kai da ƙaya.

Da ya rasu, ta cika wata huɗu da kwana goma na takaba, na lallaɓa na ce to, fili ya zama nawa, yau a zuba mini a akushin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Angon ƙarya," in ji ta, "jeka ɗauko kwanonka na roba."