Daga Mombasa, zuwa ga taubashina sarkin iyo

Ya jikin Inna, ya su Baba da yara?

Labari ya iso mini cewa kana ta cika baki a majalisa, wai in ka zo Kenya hutun ƙarshen shekara sai teku ta san an zo. Kai da ka kurma ihu a kududdufin bayan gari, ruwa iya gwiwa! To bismillah, na riga na zaɓa maka bakin ruwan da ya dace da jarumtarka.

Nyali da Bamburi suna nan kusa, arewa da gari, sai dai ranar Lahadi ba masaka tsinke. Can gaba akwai Watamu, inda kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai a yashi, da Malindi da 'yan Italiya suka mayar gida. Duk suna da kyau, amma ni Diani ce ta sace mini zuciya, kuma can zan kai ka.

Tana kudu da Mombasa, kamar kilomita 30. Za mu tsallaka da jirgin fito na Likoni, mai ƙafa ba ya biyan ko sisi, wannan na san zai faranta ran marowaci irinka. Yashin Diani fari ne tas, kamar garin shinkafar da Inna ta tankaɗe, ruwan kuma garau, kana hango yatsun ƙafarka a ƙasa. Can ciki akwai jerin duwatsun murjani da ke karya ƙarfin igiyar Tekun Indiya kafin ta iso gaɓa. In ruwa ya janye sai ka yi ta tafiya cikin teku bai wuce ƙwaurinka ba. Nan zan ɗauke ka hoto, ka je ka ce wa 'yan majalisa tsakiyar teku ne.

Har raƙuma ake ja a bakin ruwan, Turawa na biyan kuɗi su hau suna ƙyalƙyala dariya. A ƙarshen gaɓar ta arewa akwai tsohon masallacin Kongo, an gina shi da dutsen murjani, ga manyan kukoki kewaye da shi. Wallahi duk sanda na yi sallah a wurin sai kewar gida ta kama ni. Abin da ke ba ni takaici, taubashi, 'ya'yan kukar mutanen nan suke rinawa ja da sukari su tsotsa, ganyen kuwa ban ga mai miya da shi ba!

Don haka ka taho mini da garin kuka, da daddawa, da yajin Inna. Ni kuma ruwan ɗanyar kwakwa da gasasshen kifi mai romon kwakwa suna wuyana. Ka sa hannu biyu ka riƙe ayabarka, birran Diani sun fi ka saurin hannu a akushi.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Ubangidanka na Mombasa