Ranar Da Wayata Ta Ambaci Bam A Paris

Allon tashar jirgin ƙasa ya sake nuna jirginmu na Lille zai makara. Jirgin da ake kurin yana cin kilomita 300 a awa, ga shi ko motsi babu. Sai na tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke wayata, da Faransanci, me ke yawan tsayar da jiragen nan. Ashe cajin abin kunnena ya ƙare.

Wayar ta wage murya kamar sanƙira a wajen ɗaurin aure. Ta fara da Yulin 2024, da aka cinna wa wayoyin sigina wuta ana dab da buɗe gasar Olamfik. Ta gangaro Yunin 2025, da ɓarayi suka yanke wayar jan ƙarfe mita 600 kusa da Lille. Har da ƙarin haske, wai da zarar sigina ta katse, dole jirage su tsaya ko su koma rarrafe. Sannan ta ce bam.

Tsohon bam take nufi, na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ma'aikata suka tono a Saint-Denis a Maris 2025. Amma wa ya tsaya jin tarihi? Bam kawai aka ji. Wata mata ta fizge ɗanta. Wani bawan Allah ya daskare da burodi a baki. Sojan sintiri ya juyo a hankali, a hankali. Na danna in rage murya, ta ƙaru. Na ce "A'a!" Sai ta ɗauka ban gane ba, ta maimaita dalla-dalla: bam.

Wani dattijon Maraɗi da muka gaisa ɗazu ya matso.

"Ɗana, kife ta."

"Baba, ai ba da ido take magana ba."

"To yi mata Hausa. Ce mata akwai manya a wurin."

Ya zaro tasa 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure ta da kyauro. "Wannan tun da na saye ta ba ta taɓa tsoma baki a maganar da ba tata ba. In ta yi gardama, batir nake cirewa."

Soja ya iso gabana daidai lokacin da wayar ta tambaya cikin ladabi ko ina son ta lissafo sauran hanyoyin da ake tsayar da jirgi.

Baba ya janye jakarsa, ya dubi soja, ya ce yau ya fara ganina.